Daddawar Asabe da Jijiyar Malam Mamman

A Bungudu kaf babu matar da ba ta san daddawar Asabe ba. Tun tana amarya take dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da buhu har ta nuna, ta kirɓa, ta shanya a kan tabarma, ga shi yanzu furfura ta kai mata har gira. Duk miyar kukar da ta yi suna a unguwar, in an bi diddigi, daga tsakar gidanta ta samo ƙamshi. To wannan matar ce aka wayi gari ana nunawa da baki, wai ita ta ruɓar da cikin mijinta har zuciyarsa ta nemi tsayawa.

Mijin nata, Malam Mamman, direba ne. Rabin rayuwarsa a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya yi ta, kuma kowa a tasha ya san motarsa ba ta wuce Tsafe sai ta ci birki gaban mai balangu, da tafiya da dawowa. Fasinja na tsaki, shi yana tsaye yana nuna wa mai yanka inda kitse ya fi kauri. In ya iso gida ya yi wa tuwon Asabe loma biyu don kada a ce, sai ya ture kwano wai ciki ya cika. Da tsufa ya raba shi da sitiyari ya koma kamasho a tashar Gusau, abin ƙaruwa ya yi, don yanzu ko tashi ba ya yi. Benci, shayi mai kauri, ga direbobi suna ajiye masa ƙunshin balangun Tsafe a matsayin gaisuwa.

Wata Laraba ya dafe ƙirji ya sulale daga kan bencin.

Kafin labari ya kai Bungudu, ƙaninsa Alhaji Muktar ya riga ya kai shi asibiti. Muktar ɗin nan mai shagon kayan gini ne a Gusau, yana da gida mai tayil a Tudun Wada, kuma tun da ya je Makka sau biyu ya daina jin ƙarshen maganar kowa. Shi ya shiga wurin likita. Likita ta yi masa bayani mai tsawo, shi kuma ya tsinci abin da ya yi masa daɗi ya zuba aljihu, ya bar sauran a kan tebur.

Kashegari zauren Malam Mamman ya cika da masu zuwa jin lafiya, maza a kan tabarmi, mata a soro na ciki suna leƙe. Muktar ya sauko daga mota ya gyara babbar riga, ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke wurin.

"Jama'a, an gano ciwon," ya ce. "Likita ta ce akwai wasu halittu masu rai cikin hanjin Yaya. Su ke haɗa wata guba tana shiga jini, tana toshe jijiya."

Aka ɗauki salati.

"To ina tambayarku, mi ke kawo halitta cikin ciki in ba ruɓaɓɓen abu ba? Kuma mi anka daɗe ana ruɓarwa cikin gidan ga, ana zuba mai a miya safe da yamma?"

Babu wanda ya amsa, amma hancin kowa ya amsa, don iska ta kaɗo daga tsakar gida a daidai lokacin.

Asabe ta fito da muciya a hannu.

"Muktari, da ni kake?"

"Yaya Asabe, ba faɗa ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

"Ni na wanke maka majina da hannun ga lokacin da anka kawo ni gidan nan. Da miyar daddawar ka girma har ka yi wuyan da kake juyawa yanzu."

"Allah ne ya tsare ni," in ji Muktar. Ya kuma sanar cewa in an sallami Malam Mamman, Tudun Wada zai wuce da shi, inda ake girki da tsabta.

Ko mutum ɗaya a zauren bai ambaci nama ba. Wa zai ambata? Nama abincin manya ne, da shi ake karrama baƙo, da shi ake raɗa suna. Abin da ake yankawa da bisimilla ai ba ya laifi. In ana neman mai laifi, sai a duba abin da ya fi arha ya fi wari.

Magana ta zaga Bungudu kafin la'asar. Matan da ke aiko kwano kullum suka ɗauke ƙafa. Luba, maƙwabciyarta da suka yi goyo tare, ta maido da daddawar da ta karɓa jiya, tana riƙe da ita da bakin zane kamar mushen ɓera, wai maigidanta ya hana. A gidan suna aka ba Asabe tabarma ita kaɗai, kuma da ta miƙa hannu za ta taya tuƙa tuwo, uwar gida ta ce, "A'a Inna, huta abinki." Har garin Rawayya labarin ya kai, ya dawo da ƙari: wai an ga tsutsa mai kai biyu a hoton cikin mutumin.

Rashin ciniki bai ci ranta ba kamar ɓacin suna. Mace ta tsufa a ɗakin miji, ta binne iyaye, ta aurar da 'ya'ya, a ƙarshe a ce da ita mai kashe miji da miya! Ta rantse sai bakin da ya ɗaura mata sunan ya kwance shi, a zauren da ya ɗaura.

Da aka sallamo Malam Mamman ta dafa tuwon dawa da miyar kuka ta hau mota zuwa Gusau. A ƙofar gidan Tudun Wada Hajiya Mansura, matar Muktar, ta tare ta da fara'a irin ta mai karɓar haraji.

"Sannu da zuwa Yaya. Kwanon dai a bar shi nan waje, Alhaji ya ce."

Ta bar shi. Ta shiga ta ga aikin tsabta.

An kwantar da Malam Mamman a falo ƙarƙashin fanka. A gefensa ga farfesun kayan ciki, ga ƙafar sa, ga tsire, ga ƙunshin balangu da direbobi suka yo takanas daga Tsafe, domin ba a zuwa dubiya hannu sake, kuma me za a kai wa majinyaci ya ƙara jini in ba nama ba? A ɗaya gefen kuma ga rundunar da Muktar ya tara don yaƙar halittun: kafso ja da yalo daga kemis, ana ba shi kamar gyaɗa, da jarkar maganin wankin ciki da ya saya wurin mai lasifika a tasha, wanda ke rantsuwa yana fitar da dattin shekara goma a zama ɗaya. Ƙwayoyin asibiti kuwa suna can kan talabijin a cikin ledarsu, don an ce sun yi ƙanana da yawa, ba za su iya da irin wannan ciwo ba.

Mutumin ya zabge. Idanu sun faɗa, wuya kamar na zakaran da aka fige. Suna cikin gaisuwa ya miƙe da sauri ya nufi bayi yana dafa bango, ya dawo, bai gama zama ba ya sake miƙewa.

"Ka gani ko?" in ji Muktar da alfahari. "Fita suke yi. Sai mun ƙare da su tas."

"Malam," Asabe ta ce da mijinta, "kai ma ka yarda ni na sa maka ciwo?"

Malam Mamman ya dubi fanka, ya dubi ƙaninsa mai biyan kuɗin asibiti, ya dubi farfesu.

"Asabe, ki yi haƙuri dai."

"Haƙuri na ci na ƙoshi. Yaushe za ku koma wurin likitar?"

Ba su so gaya mata ba, amma bakin Hajiya Mansura ya suɓuce ta ce Litinin.

Ranar Litinin tun da hantsi tana zaune a bencin asibiti da lulluɓinta. Da aka kira sunan Malam Mamman ta miƙe ta bi bayansu. Muktar ya ce mutum ɗaya ake shiga da shi. Ta ce to shi ya tsaya waje. Suka shiga su uku.

Likitar, Dokta Zahra'u, ba ta fi sa'ar 'yar Asabe ta biyu ba. Ta dubi majinyacin, ta auna jininsa, fuskarta ta canza.

"Baba, me ya same ka haka? Kana shan maganin da na ba ka?"

Muktar ya karɓe. Ya zayyana kafso, ya zayyana jarka, yana jira a yaba masa. Likita ta ajiye abin awonta a hankali.

"Alhaji, wa ya ce ka kashe halittun?"

"Ke kin ce suna haɗa guba."

"Na ce wasu daga cikinsu. Kuma na gaya maka da me suke haɗa ta. Kana waya a lokacin."

Asabe ta gyara zama. "Ɗiyata, bar shi. Ni ki gaya mani, ban da waya. Ni ce anka ce na zuba mai halittun da daddawa."

Likita ta juyo gare ta. Ta ce halittun nan ba tsutsa ba ne, ido ba ya ganinsu, kuma babu ɗan Adam da ba shi da su cike da hanji, da ita likitar, da Alhaji, da limamin Juma'a. Yawancinsu ma'aikata ne, suna taya ciki narka abinci. Irinsu ne ke mai da madara nono, irinsu ne ke mai da kalwa daddawa.

"A'a," in ji Asabe. "Daddawata ba ta da halitta. Ni nake wanke kalwata."

"Inna, tana da su, kuma ba aibu ba ne. Ki bari in ƙarasa."

Ta ce cikin mutum kamar gona yake, abin da ka yi wa taki shi ke yaɗo. Mai cin jan nama kullum yana kiwon irin waɗanda ke son nama. Su kuma in sun ci, sai su fitar da wani abu da hanta ke juyawa ya shiga jini, kuma masu bincike sun ga mutanen da abin ya yi wa yawa sun fi samun kitse yana liƙewa a bangon jijiya, jini kuma ya riƙa saurin daskarewa. Masu cin wake da dawa da gero da ganye, su zogale da rama da kuka, suna kiwon wasu daban, waɗanda abin da suke fitarwa ke lallashin jijiya. Ta ce ba a gama sanin komai a kai ba, kuma ba su kaɗai suka kayar da Baba ba: ga hawan jini, ga shekaru, ga kitse, ga zaman benci. Amma kafso ba ya tambayar na kirki da mugu, share gonar yake yi gaba ɗaya. Wankin cikin kuma ya tsotse masa ruwan jiki, ga zuciya mai rauni.

"Da kun ƙara mako a haka, da ba nan kuka kawo shi ba. Me yake ci yanzu?"

Malam Mamman ya ce da ƙaramar murya, "Abin da jama'a sunka kawo."

"Balangu," in ji Asabe. "Da ƙafar sa. Har da kayan ciki, wai a gyara ciki da ciki."

Likita ta rufe ido ta buɗe.

"To ɗiyata, yanzu ki faɗa da baki: daddawa ce ko ba ita ba?"

"Ban ga laifin daddawa ba."

"Ki ce magani ce."

"Ba zan ce ba, Inna, don ban sani ba. Kuma tunda kin zo, gishiri nawa kike zubawa a miya? Da man shanu?"

Asabe ta ɗan kau da kai. "Daidai misali."

"Misalin ki rage shi sosai. Shi ma yana ta da jini."

Muktar ya yi wuf. "Kin ji ko! Ashe dai da hannunki."

"Alhaji," likita ta ce, "gishirinta bai kai jarkarka ba. Ka zubar da ita yau."

A bakin asibiti Asabe ta tsaya gabansa. Ya ce to, magana ta wuce, Allah ya riga ya ƙaddara, kowa ya yi haƙuri. Ta ce magana ba ta wuce ba, tana nan zaune a zauren Bungudu inda ya ajiye ta, sai ya je ya ɗauke abarsa. Ya yi dariya ya ce shi da girmansa ba zai tara mutane a kan daddawa ba. Ta ce ai ya taɓa tarawa. Ya shiga mota ya ja gilashi.

Ba a yi kwana nawa ba gidan Tudun Wada ya gane abin da ya ɗauko. Likita ta ce tuwon dawa, wake, ganye, nono marar sukari, babu dunƙulen miya na kanti, gishiri kaɗan. Hajiya Mansura kuwa tun da aka kai ta gidan tayil ba ta sake riƙa muciya ba. Tuwonta na farko ya fito da gudaji kamar tsakuwa, na biyu ya zama kunu. Miya babu dunƙule babu daddawa, Malam Mamman ya ɗanɗana ya ce ruwan wanki. Masu dubiya ba su fasa kawo nama ba, shi kuma ba ya iya ganin ƙunshi ya kau da kai, sai an tsaya a kansa kamar akuya da hatsi. Ga cikin bai gama daidaita ba, bayi ɗaya ne a falon, baƙin Alhaji suna shigowa suna toshe hanci. Hajiya ta ce ko a mai da shi ko ita ta tafi gidansu ta huta.

Sai ga Muktar a Bungudu da rana tsaka, shi kaɗai, ya shigo har tsakar gida yana murmushi.

"Yaya Asabe, mun yi shawara. Ai babu mai kula da mutum kamar iyalinsa. Gobe za mu maido Yaya."

Tana kirɓi. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ku maido shi ina? Gidan da anka ruɓar mai da ciki? Ina, ban yarda a kashe maka ɗan'uwa ba. Ku riƙe shi can wurin tsabta."

"Haba Yaya, mijinki ne fa."

"Da ka ɗauke shi ba mijina ba ne?"

"To na ji, na yi kuskure. Shi ke nan?"

"Wa ya ji? Turmi?"

Ya tafi a fusace. Ita kuma ta ajiye taɓarya ta zauna tana tuna yadda wuyan mijinta ya koma, kuma ta san kowace rana a gidan can akwai ƙunshin da zai iya zama na ƙarshe. Har ta ɗauko mayafi za ta bi Muktar ta ce a kawo mijin kawai. Ta tuna tabarmar da aka ware mata a gidan suna, ta mai da mayafin kan igiya. Amma da sassafe ta tuƙa tuwo ta ba wani direba ya kai Tudun Wada, ta ce kada ya faɗi daga inda ya fito. Kwanon ya dawo a suɗe, ba a tambayi komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, motar Muktar ta tsaya a ƙofar gida da Malam Mamman a baya. Asabe ta riga ta aika an shimfiɗa tabarmi, ta kuma aika wa duk wanda ya zauna a zauren ranar farko, har da waɗanda suka leƙo daga soro. Ta tsaya a bakin ƙofar shiga gida ta tokare ta da kafaɗa.

Muktar ya nemi kujerar nan, ya tarar an ɗauke. Ya tsaya a tsaye.

"Jama'a, Yaya ya samu sauƙi, mun gode da addu'a. Sannan game da wata 'yar magana da ta taɓa wucewa, in har akwai wanda ya fahimce ta ba daidai ba..."

"Babu in har," in ji Asabe.

Muktar ya sake farawa. "Likita ta ce ba daddawa ba ce."

"Mi ne ne to?"

"Abubuwa ne da yawa. Har da gishi..."

"Muktari."

"Nama ne," ya ce da ƙasa-ƙasa. "Yawan nama."

Jama'a suka dubi juna kamar an zagi wani babba. Wani tsohon direba ya janye ƙunshin da ya zo da shi ya tura ƙarƙashin riga.

"Da mi kuma kac ce za ka kashe halittun?"

"Wannan ai ba ya cikin maganar."

"Yana ciki. Ni anka ce na kusa kashe shi."

Malam Mamman ne ya amsa daga cikin mota, da muryar da ba a san ta rage masa ba. "Jarka ce! Jarkar mai lasifika. Ku bar ni in shiga gidana, ƙafafuna sun yi sanyi."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Asabe ba ta yi ba. Ta waiga soro ta hango Luba a bayan mata tana ƙoƙarin ɓuya.

"Luba ba ta ji ba, tana nesa. Maimaita mata, da ƙarfi, yadda kac ce ta farko."

Muktar ya share gumi da hannun riga. Ya dubi yayansa, ya dubi hanyar Gusau inda Hajiya Mansura ke jiran ya dawo shi kaɗai.

"Ba daddawar Asabe ba ce!" ya ce, har na bakin titi suka juyo.

Sannan ta janye kafaɗarta daga ƙofa.

"Ku shigo da shi a hankali," ta ce. "Kai kuma mai ƙunshi a riga, na gan ka. Kai wa Alhaji, shi jijiyarsa ba ta toshe ba tukuna."